Numfashin Malam Yusha'u

Ranar Talata da hantsi, ana yayyafin watan Agusta, wata mata ta shigo caji ofis a Tudun Wadar Zariya, mayafinta a jiƙe, idanunta a kumbure. Ba ta tsaya a kanta ba. Ta wuce kai tsaye teburin Sufeto Nagoda ta ajiye wani abu a ƙunshe cikin hankici.

Nagoda mutum ne mai jiki da sanyin magana, saura shekara biyu ya yi ritaya. Abokan aikinsa suna masa tsiya cewa kafin ya ƙare tambaya ɗaya ɓarawo ya isa Kaduna. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Sunana Fareeda, nas ce ni a Kaduna," in ji matar. "Jiya aka binne mahaifina, Malam Yusha'u."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam mai karatun zaure? Allah ya jiƙansa. Zauna, Sista."

Ba ta zauna ba. Ta warware hankicin. Wata 'yar roba ce fara mai jan gindi, ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

"Baba yana da asma. Wannan inhelarsa ce, magani biyu ne a haɗe a ciki. Ɗaya yana kwantar da kumburin hanyar numfashi don kada ciwon ya tashi, ɗayan yana buɗe ƙirji. Safe da yamma yake shaƙa, in ƙirjin ya riƙe ya ƙara. Ita kaɗai gare shi. Dubi 'yar tagar nan."

Nagoda ya sa tabarau. A cikin tagar akwai sifili a kan ja.

"Ta ƙare ke nan?"

"Kaf. Alhali kwana tara kafin rasuwarsa na kawo masa sabuwa dal, mai shaƙa ɗari da ashirin. Kuma duk wadda na kawo sai na rubuta kwanan wata a gindinta. Juya ka gani."

Ya juya. Babu rubutu.

"Wa kike zargi?"

"Maijidda, matar ƙanena. Mijinta yana aiki a Abuja, ita aka bar wa Baba. Ita na ɗora wa duba lambar nan, don idon Baba ya yi shekara huɗu da tafiya. Ta sayar da sabuwar ta ba shi fanko. Dangi sun yanke gobe bayan sadakar uku ta koma gidansu. Ni wannan bai ishe ni ba, yallaɓai. So nake a rufe ta."

"Tsofaffin da suka ƙare fa, ina ake kai su?"

"Ni nake tafiya da su."

"To ita ina ta samo fankon?"

Nagoda ya ƙunshe robar, ya kira Kofur Kulu, 'yar sandar da yakan tafi da ita duk inda za a shiga cikin gida wurin mata.

Gidan Malam Yusha'u yana wani lungu bayan babban titi, ƙofarsa cike da masu ta'aziyya a kan tabarmi. Nagoda ya yi gaisuwa kamar kowa, aka yi addu'a aka shafa, sannan ya nemi iso.

A madafi suka sami Maijidda, ita kaɗai, da jariri a goye. Tsakar gidan cike take da mata, amma babu wadda ta zauna kusa da ita. Nagoda ya ji tausayinta ya kama shi, ya danne, don tausayi ya sha kai shi ya baro.

"Ke kike ba Malam magani?"

"Ni ce, yallaɓai. Kullum safe da yamma."

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"To gwada mini yadda ake buɗe ta."

Ya miƙa mata. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta danna kanta kamar turaren fesawa. Murfin ma bai fita ba. Kofur Kulu ta kau da kai.

"Maijidda, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba ki taɓa riƙe ta ba."

Sai kuka ya ƙwace mata.

"Wallahi ban taɓa ba. Yallaɓai, surukina ne fa. Shekarata uku a gidan nan ban taɓa taka ɗakinsa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. A bakin ƙofa nake durƙusawa in ajiye abinci. Da Yaya Fareeda ta ce in riƙa duba lamba, na ce to, don ba zan iya ce mata a'a ba. Amma ta yaya zan shiga in ce Baba miƙo in gani? Sai in tambaya daga bayan labule. Shi kuma sai ya girgiza ta ya ce, kin ji, Maijidda, da sauranta."

"Me ya sa kika yi mini ƙarya?"

"Tsoro. In na ce ban duba ba, ai na kashe shi ke nan."

"Wa yake shiga ɗakin?"

"Maigidana in ya zo. Sai Malam Muntaka, ɗalibinsa. Shi yake karanta masa littattafai tun da idon ya tafi."

"Gaya mini abin da ya faru jiya."

"Kwana huɗu ina jin tarinsa ya ƙaru. Jiya da safe ya sa Malam Muntaka ya buɗe tsohuwar adakar littattafai, wai damina ta shiga, a shanya su. Ƙurar ce ta taso masa. Na ji numfashinsa yana fito kamar usur. Sai Malam Muntaka ya fito a guje ya ce bari ya nemo keke mai ƙafa uku."

"Ya samo?"

"Shiru, shiru. Har na fita ba mayafi na buga wa maƙwabci ƙofa. A motarsa aka ɗauke shi. Ba su kai asibiti ba."

"Shi Muntakan yaushe ya dawo?"

"Bayan motar ta tashi. Ya fi rabin awa."

Nagoda ya tuna wani abu. Da zai shigo lungun ya ga kekuna huɗu a fake a bakin titi, masu su suna hamma.

Ɗakin Malam ƙarami ne, littattafai sun cinye rabinsa. Adakar tana nan a buɗe. A nan Nagoda ya sa aka kira masa Malam Muntaka. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, rigarsa wankakkiya amma wuyanta ya sha ɗinki. Malamin Islamiyya ne. Shekara talatin da ɗaya yana zama gaban Malam Yusha'u, mutanen unguwa har suna ce masa ɗan fari.

"Allah ya ba mu haƙuri, Malam."

"Amin, ranka ya daɗe." Muryarsa a dishe take.

"Kana wurin da ciwon ya tashi?"

"Ina wurin. Na ɗauko maganin na murɗa gindinsa har ya yi ƙas, na sa masa a baki. Sau uku. Bai yi ba."

"Ka iya aiki da ita ke nan."

"A wurin Malam na gani. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, babu mai irin ciwon a gidana."

Nagoda bai tambaye shi gidansa ba. Ya dai lura, ya wuce.

"An ce ka fita neman keke ka daɗe."

"Babu keke a bakin titi jiya. Ruwa ya kore su. Sai da na taka har kusa da Kongo."

"Allah sarki. To na gode."

Ya bar shi tsaye gaban adakar, yana shafa bangon wani littafi da ɗan yatsa.

Bayan azahar Nagoda ya kai robar wani famasi a kan titin Kongo, wurin wata dattijuwa mai haɗa magunguna da ya daɗe da sani. Ya girgiza ta a kusa da kunnensa, ta yi sakat sakat.

"Hajiya, lamba ta ce babu, kunne ya ce akwai. Wa zan gaskata?"

"Lamba, Sufeto. Abin da kake ji ba magani ba ne, garin da ke tsotse danshi ne. Ko shekara goma ta yi da ƙarewa haka za ta yi ƙara. Gindin ma zai ci gaba da murɗuwa yana ƙas. Maganin kuwa ɗan mitsitsi ne, sau da yawa ba a jin shigarsa. Bakina har ya gaji da gaya wa mutane."

"Makaho fa?"

Ta ajiye biron hannunta.

"Makaho ba shi da yadda zai sani. Zai yi ta shaƙar iska yana cewa alhamdu lillahi, ƙirjin yana kumbura a hankali. Ranar da ƙura ko hayaƙi ya same shi, sai abin da Allah ya yi."

Ta cire murfin ta kai bakin robar gaban fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Tsoho ne mai ita? Zo ka ga wani abu."

A gefen da ake sawa a baki akwai sawun haƙora, ƙanana, a jere sama da ƙasa.

"Yara ne suke cizonta haka in suna jan numfashi. Wannan ta yaro ce."

Nagoda ya kira Fareeda a waya daga nan inda yake tsaye. Ta ce Baba ba shi da haƙoran gaba tun kafin ta yi aure. Ɗan Maijidda kuwa wata biyar gare shi, sai dasashi.

Da la'asar ya koma bakin lungun. Masu keke suka rantse jiya tun safe suna nan, babu wanda ya neme su. Wani ɗan acaɓa mai furfura da ke gefe ya sa baki ba a tambaye shi ba.

"Malam Muntaka? Ni na ɗauke shi. Gyallesu ya ce, gidansa. Yana bayana yana ta salati yana cewa in ƙara wuta. Ya shiga ya fito, ko minti biyu bai yi ba, muka juyo. Kwata ta cika a hanya, sai da muka zagaya."

Nagoda ya yi godiya. Ya samu abin da yake nema, amma bai ji daɗin samun ba ko kaɗan.

Laraba da sassafe suka isa Gyallesu. Gidan haya ne, ɗaki biyu, bango ya sha danshi har gwiwa. Muntaka ya riga ya tafi wurin sadakar uku, shi aka sa zai ja addu'a. Nagoda ya tsaya a soro, Kofur Kulu ta shiga. Jim kaɗan ta fito da matar gidan, Ishatu, da wata yarinya 'yar shekara takwas cikin kayan makaranta.

"Yaya sunanki?"

"Hanan."

"Hanan, an ce kina da maganin shaƙa. Nuna mini."

Ta zuge jakarta ta ciro da murna, irin ta yaron da aka saya wa sabon takalmi.

"Abbana ne ya kawo mini. Yanzu har gudu nake yi a makaranta."

Nagoda ya juya gindin. Ga kwanan wata nan da baƙin biro, rubutun nas, a karkace. A bakin robar sabon sawun haƙora ya fara fitowa.

"Ya ce mini Malam ne ya ba shi kyauta," in ji Ishatu. "Lafiya dai, yallaɓai?"

Shekara talatin da uku yana aiki, Nagoda bai taɓa karɓar shaida daga hannun da ya fi wannan ƙanƙanta ba. Doka ta ce ya tafi da ita. Ƙirjin yarinyar kuma bai san doka ba.

"Ta shaƙa na safe?"

"Ta shaƙa."

"To ara mini, Hanan. Kafin yamma za a kawo miki."

Ya faɗa ne kawai, bai san inda zai samo ba.

Ya bari har aka shafa addu'a mutane suka fara watsewa, sannan ya sa aka kira Muntaka ɗakin Malam. Fareeda tana zaune a bakin gado. Maijidda ta durƙusa a bakin ƙofa, inda ta saba, ƙullin kayanta yana jiranta a tsakar gida.

Nagoda ya jera robobin biyu a kan buzun salla.

Muntaka ya dube su. Ya zauna a ƙasa.

"Kun je gidana."

"Mun je."

"Hanan ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba. Ka ce babu mai ciwon a gidanka, Malam. Ka ce ka je Kongo neman keke."

"Ƙarya na yi. Duka ƙarya na yi." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Ta Hanan ta ƙare tun farkon damina. Na je saye na tarar kuɗinta ya fi ƙarfina. Sau biyu muna kwana asibiti da ita. Ranar Lahadi, kwana takwas kafin rasuwar, ina karanta wa Malam, ga sabuwa a gefen matashinsa, ga fankon a aljihuna, na fito da shi ne in nuna a kemis ko akwai mai rahusa. Na girgiza fankon na ji yana motsi. Na ce ai lamba lamba ce, da ɗan saura a ciki, zai kai shi kwana biyu kafin in san dabara. Shi yana da 'ya nas. Haka shaiɗan ya lissafa mini, ni kuma na yarda. Yana ba ni fassarar baiti ina musanyawa. Ko tsayawa bai yi ba."

"Me ya hana ka roƙe shi?" in ji Nagoda.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin da ɗaya ban taɓa roƙon Malam komai ba sai karatu. Ɗalibi kawo wa malaminsa yake yi. Da wane baki zan ce ya ba ni maganin da yake numfashi da shi?"

"Bakin roƙo ya yi maka nauyi, hannun ɗauka bai yi ba."

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Da tarinsa ya ƙaru na ce gobe zan mayar. Goben ta yi na ga Hanan tana barci numfashinta ba ya ƙara, na ce jibi. Ranar Litinin da na murɗa masa sau uku ya riƙe hannuna yana kallon inda yake zaton fuskata take, a nan na san babu komai a ciki. Na ruga in ɗauko. Na dawo da ita a aljihu, motar ta tafi."

"A ranar kana da damar mayarwa. Babu wanda zai sani."

"Na shigo ɗakin nan da niyyar haka. Sai na tuna shi ya riga ya tafi, Hanan kuwa tana nan. Na koma da ita gida." Ya juya wajen ƙofa, bai ɗaga ido ba. "Ina ji ana cewa Maijidda ce, na yi shiru. Wannan ya fi satar muni. Ki yafe mini, 'yata."

Maijidda ta rufe fuska da mayafi. Hawaye kawai take yi.

Duk wannan Fareeda ba ta motsa ba. Sai ta jawo jakarta ta buɗe, ta ciro kwali biyu sababbi ta ajiye a kan gado.

"Ranar Alhamis Baba ya kira ni," in ji ta. "Ya ce in zan zo in taho da biyu. Na ce ta wa ɗayar? Ya ce akwai wata yarinya da ta zo gaishe shi da Sallah, ya ji yadda take jan numfashi, kuma ubanta ba zai taɓa buɗe baki ya tambaya ba. Ya ce kada in matsa masa da tambaya, shi zai san yadda zai ba shi ba tare da ya ji kunya ba. Ban kawo komai a raina ba, Baba kullum da wanda yake yi wa hidima. Na saya ranar Juma'a. Na ce sai ƙarshen wata in kawo."

Ƙarar da ta fito daga bakin Muntaka ba ta yi kama da kuka ba. Ya kifa goshinsa a kan buzun, kafaɗunsa suna jijjiga. Kofur Kulu, wadda ta ga gawa ba adadi, ta fita tsakar gida.

Fareeda ta ɗauki kwali ɗaya ta miƙa wa Nagoda, ba ta dubi Muntaka ba.

"A kai wa yarinyar. Ba don shi ba. Saƙon Baba ne."

Sannan ta tashi ta je bakin ƙofa ta durƙusa gaban Maijidda, ta kama hannunta.

"Na zalunce ki. Ki kwance kayanki."

"Yaya, da sau ɗaya na shiga na duba..."

"Da ni ma na taho ranar Juma'a. Yi shiru haka nan."

Nagoda ya ba Muntaka lokaci har ya iya tashi. Ya gaya masa ana tuhumarsa da sata da kuma sakacin da ya jawo rasa rai, sauran bayani sai a ofis. Bai sa masa ankwa ba. Ta ƙofar baya suka fita da shi, don a zaure har yanzu akwai ɗaliban da ɗazu suka ce amin a bayansa.

A bakin mota Muntaka ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya."

"Ina ji."

"Kwana goma yarinyar nan tana barci lafiya, tana ce mini Abba na gode. Don Allah kada a gaya mata numfashin wa take ja."

Nagoda ya dube shi. Ya so ya ce to. Amma ya san Zariya, ya san kafin la'asar maganar ta riga shi isa Gyallesu, kuma ranar ya gaji da jin ƙarya, ba zai ƙara tasa ba.

"Shiga, Malam," ya ce a hankali.

Ya rufe masa ƙofa, ya ba Kofur Kulu kwalin, ya ce ta hau acaɓa ta kai kafin a tashi daga makaranta.